Na'urar da Aka Lulluɓe a Sabon Gari

Har yau ban manta da Alhamis ɗin da na tarar da na'urar Sabon Gari lulluɓe da zane ba.

Shara nake yi a wani kamfanin irin shuka, lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Zariya ba. Babban ofis yana Samaru, ƙaramin yana Sabon Gari, can nake zuwa duk Alhamis. Ban yi boko ba, amma abin da ban gane ba sai na tambaya. Injiniyanmu Istifanus ya ce mini: "Iya, duk abin da aka rubuta a kwamfutar Samaru, eriyar nan ta kan rufi ce ke aika shi zuwa ta Sabon Gari. In wuta ko ruwa ya ci ɗaya, ɗayar tana nan." Cikinsu akwai gwajin masara na shekara takwas. In ya salwanta, sai an koma gona daga fari.

Ran nan ne na fara ganin ta a lulluɓe, na ɗaga zanen, sai a lokacin na lura babu koriyar fitilar da na saba gani a da. Na tambayi Malam Sani, akawun wurin.

"Ni na zare ta tun ruwan farko," in ji shi. "Iya, ke ba ki san tsawa ba? Ko talabijin ɗina ba na bari a jone da damina, balle kayan kamfani."

Na ce, "To wa ka faɗa wa?"

Ya yi dariya. "Yanzu kuma shara ta koma injiniya?"

Na ajiye tsintsiya, na hau bas zuwa Samaru. Istifanus na jin maganar ya miƙe, ko hula bai ɗauka ba. Aka jona ta, ya ce sai ta yi kwana biyar kafin ta kamo 'yar'uwarta, don aikin wata biyu ya taru.

Kwana uku aka samu. Ran Lahadi da la'asar iska ta yaye kwanon ofishin Samaru, ruwa ya sauka kan kwamfutar. Shekara takwas ɗin sun tsira a Sabon Gari, amma awon gonakinmu na Shika na mako uku bai ƙetare ba. Ya tafi ke nan.

Manaja ya so korar Malam Sani. Na shiga ofishinsa ba a kira ni ba, na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa aikin abin nan?" Istifanus da ke wurin ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ba kowa." Aka bar Malam Sani a bakin aikinsa.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku ji. Malam Sani ba malalaci ba ne, tattali ya yi, irin wanda ya sani. Kun iya ajiye abu a wuri biyu. To duk wanda hannunsa zai iya kaiwa ga soket, ku gaya masa dalili, ko da mai shara ce.