Kunyar Littafin Bayoloji Ta Sa Na Fara Wa Ɗana Da Fiziks

Lokacin da abin nan ya faru muna zaune a ƙasar waje, a garin Woodbridge, da yara uku, ni kuma karatuna bai wuce ƙaramar sakandare ba. Maigidana direba ne, tun asuba yake fita, ba ya dawowa sai cunkoson hanya ya gama wahalar da shi. Mun cire ɗanmu na fari daga makaranta saboda tsangwamar da yara suke masa, ya koma karatu a gida ta bidiyo, ni ce mai sa ido. Yaro ne da ko matacciyar tsutsa ya gani a bakin gareji sai ya tsuguna ya duba, kullum zancensa likita zai zama.

Da zai shiga aji tara muka sayi littattafan kimiyya uku. A nan ba kamar gida ba ne da ake haɗa su gaba ɗaya, ɗaya ake ɗauka a shekara, kuma yawanci da bayoloji ake farawa. Na buɗe shi ina kallon hotuna, sai ga babin haihuwa, jikin mace a zane, komai a fili. Na rufe da sauri kamar an kama ni. Ɗan fari ne fa, ni da ko sunansa ba na kamawa, ta yaya zan zauna kusa da shi ana nuna wannan? Na cusa littafin ƙarƙashin gado, na ce masa da fiziks za mu fara, don na ga babu komai a ciki sai ƙwallaye da kibiyoyi. Ya ce min malamar bidiyon ta ce sai an yi lissafin aljebra tukuna, na ce ai duk karatu ne.

Haka muka shekara. Ina kallo yana gogar takarda har ta huje, ya fara cizon farce. Nakan bar girki in leƙa shi, in koma, in sake leƙawa, ba abin da na iya sai kai masa shayi. Rannan ƙanwarsa ta kira shi dokta da wasa, ya daka mata tsawa da Turanci cewa shi daƙiƙi ne, ta daina. Wallahi na kasa cin abinci.

A wurin wani suna a Springfield na kasa riƙewa, na faɗa wa yayar ƙawata, ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce na ɗora wa yaro rufi babu bango, fiziks sai da lissafi. Da na faɗi dalilina, ta dube ni ta ce haba ƙanwata, babi ɗaya tal, da ubansa ya zauna da shi ranar Lahadi ai an wuce wurin.

Yanzu bayolojin yake yi, yana kuma ci, amma in baƙi suka tambaye shi me zai zama, kafaɗa kawai yake ɗagawa. Har yau hankalina bai kwanta ba. Iyaye mata masu koyarwa a gida, kunya tarbiyyarmu ce, amma kada ita ta tsara muku karatun yaro. Abin da ba za ki iya zama a kai ba, ki nemi wanda zai zauna. Ni na kare fuskata, ɗana kuma ya ɗauka kansa ne babu kyau.