Bakin Gara da Hannun Majemi

A Tibiri na tashi, gidanmu majema ne, masu gyaran fatar jar akuya. Da sanyi, bayan magariba, kakata Dije kan tara mu gindin murhu, tana gasa mana gujiya a toka.

Wata rana na dawo da kuka, 'yan lakwal, wato 'yan boko, sun toshe hanci da na wuce. Ta jawo ni jikinta. "Haba mijina, wari ne ka aure ni da shi, yau kake kuka? Zamna ka ji."

Ta ce wai sarki ya kira Gara fada, ya ba ta shimfiɗa a inuwa, amma sai ta wanke lakar bakinta, ta bar gini. Gara ta wanke, ta zauna kusa da Ƙadangare, ana magana suna gyaɗa kai. Damina ta faɗi, suri ya rushe, 'ya'yanta suka kwana a ruwa. Da safe ta tsoma baki cikin laka, ta shiga fada haka nan. "Ranka shi daɗe, ga shimfiɗarka. Ni da bakin nan nike gida."

"To sarki ya kashe ta?" na tambaya.

"Wa ya sani? Kai dai ka taɓa ganin daji ba suri?"

Shekarun da jam'iyyu suka yi yawa, ana ta yajin aiki, na koma Maraɗi da iyali, fata ba ta ciniki. Ɗan baffana Isuhu, mai faɗa a ji a jam'iyyarsu, ya samo mini aikin planto, mai kai takardu, a wani biro, wato ofis. Sharaɗi guda: kada in ƙara taka majema, manya ba su son warin. Matata ta ce in karɓa, tukunyarmu ba kullum take hawa wuta ba. Na je har ƙofar biron, na dubi hannuwana da bagaruwa ta rina. Na ce, "Isuhu, na gode. Ba wani."

Mun sha wuya, ban ɓoye ba. Wata biyu matata ba ta yi mini dariya ba.

Ban raina biro ba, ɗiyata ma can take aiki. Abin da na ƙi shi ne a ce sai na ji kunyar aikin ubana kafin in ci tuwo.

Yanzu da furfurata ina ajin yaƙi da jahilci a Sabon Gari. Ranar farko mushe, wato malaminmu, zai ba ni bik na rubutu, ya ga yatsuna, ya ce, "Baba, a wanke hannu kafin a riƙe bik."

Na ce, "Na wanke, mushe. Wannan ba dauɗa ba ce. Miƙo bik ɗin."