Hoton Matata a Titin Zuba

Lemo nake sayarwa a kasuwar Zuba, tun lokacin da farar hula suka karɓi mulki, kuɗi ya fara yawo a Abuja kamar ba zai ƙare ba. A cikin shekarun nan ne har 'yan dako suka mallaki waya mai ɗaukar hoto.

Tirela ce ta kashe matata. Ta taho kawo mini abincin rana, tana tsallaka titin Kaduna, motar ta kwashe ta, zaninta ya tafi da taya. Kafin wani dattijo mai kankana ya cire babbar rigarsa ya lulluɓe ta, mutane sun riga sun kewaye ta da wayoyi. Yawancinsu sahu ɗaya muke bin salla. Mun binne ta kafin magariba.

Bayan sadakar uku, maƙwabcina na rumfa ya ja ni gefe, ya ce hoton yana wani shafi na intanet inda kowa ke zuba abin da ya ɗauko. Na kalla sau ɗaya. Ba zan faɗi abin da na gani ba. A ƙasa wani ya rubuta Allah ya jiƙanta, wani kuma ya rubuta maganar da ko kare ba a yi wa. A gefe ana tallar sababbin gidaje.

'Ya ɗaya gare mu, tana makarantar kwana. Na gaya mata uwarta ba ta sha wahala ba. Abin da nake so ɗaya ne, a cire hoton kafin yarinyar ta dawo gida.

Na je Utako wurin wani lauya ɗan garinmu. Ya saurare ni yana kaɗa makullin mota.

"Ka yi haƙuri, Malam. Masu shafin ba su suka ɗauka ba, ba su suka ɗora ba. Fili kawai suka bayar. In ka sayar da ruɓaɓɓen lemo, wanda ya ba ka rumfa za a kama?"

Na ce, "Barista, ba lemo ba ce. Uwar 'yata ce."

"Na sani, wallahi na sani. Amma wanda ya ɗora shi ne mai laifi. Ka san shi?"

Ina zan san shi? Sunan ƙarya ya sa, da hoton zaki.

Lauyan ya ce kamfanin da ke da shafin yana ƙasar waje, kafin kotu ta kai musu takarda yarinyar ta yi aure ta haihu. Ya yi dariya, a ganinsa sassauta mini yake. Sannan ya nuna mini wani ɗan wuri a ƙasan hoton da ake dannawa a kai ƙorafi. Ya ce in mutane da yawa suka danna, sun fi saurin cirewa.

Mu a kasuwa, in akuya ta ɓata ko yaro ya ɓace, masallaci ake kai cigiya. Can na kai. Bayan azahar ladan ya ɗauki lasifika, ya ce ɗan'uwanmu mai lemo yana roƙo don Allah, duk mai waya ya shiga shafi kaza ya danna a cire hoton iyalinsa. Aka yi ta salati. Lasifikar tana kaiwa har tasha.

Ba wanda ya gaya mini cewa kafin mutum ya danna, sai ya buɗe ya gani. Waɗanda ba su san da hoton ba, ranar suka sani. Suka yi ta zuwa rumfata suna karɓar godiya.

"Alhaji, na danna maka."

"Oga, sorry fa. Kai, amma motar ba ta da imani. Har nan ta yage ta." Yana nuna mini a jikinsa.

Wani direba ya ce sau biyu ya buɗe don ya tabbatar ita ce. Ya ma ajiye a wayarsa, wai ko za a nemi shaida.

Daga baya lauyan ya kira ni. Masu shafin sun amsa. Sun ce suna taya ni baƙin ciki, hoton bai karya dokarsu ba tunda hatsari ne a bainar jama'a, amma sun sa masa gargaɗi, sai wanda ya yarda zai gani. Duk Zuba sun yarda.

Yarinyar ta zo sadakar arba'in. Na hana kowa ba ta waya, na gargaɗi ƙanwata kada ta bar ta ita kaɗai. Muna waje kan tabarma ana addu'a, mata suna ciki. Ƙanwata ta tashi zuba wa baƙi abinci. Wata mata da ban ma san ta ba, ta zo ta'aziyya daga Orozo, ta fito da wayarta, ta dubi yarinyar ta ce:

"Ke ce 'yar? Allah sarki. Zo ki gani, kamarku ɗaya, har ƙafar."

Yarinyar ba ta yi ihu ba. Ƙanwata ta ce riƙe wayar ta yi da hannu biyu har sai da aka ɓamɓare ta.

Washegari yarinyar ta ce in kai ta wurin kakarta a Katsina, ba za ta ƙara taka inda kowa ya ga uwarta ba. Na sa ta a mota. Can ta yi aure, can take. In na je, takan gaishe ni daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa, ta koma ciki.