Likkafanin da Ya Je Ganin Ƙanƙara

Inna ba ta fita daga Madina. Ba tsufa ne ya hana ta ba, doka ce ta kafa wa kanta tun rasuwar Baba. Shi Baba ya tafi Yanbu ne wata Alhamis gaida wani amininsa, da niyyar ya dawo mana da kifi washegari, sai ajali ya same shi a can, a can kuma aka rufe shi. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana roƙon Allah Ya ba shi makwanci a Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin masallacin Annabi. Tun wani aikin hajji da suka yi da Inna suka sayi farin yadi, suka wanke shi da ruwan Zamzam, suka shanya a rana, kowa ya ninke nasa. Ranar da Baba ya cika nasa yana gida a unguwarmu ta Ƙurban, shi kuma yana bakin teku. Daga baya Inna ta bayar da shi aka rufe wani baƙon alhaji.

Tun daga nan burinta ya zama biyu, kuma duk wanda ya zauna da ita na rabin sa'a sai ya ji su: ta mutu a Madina, a naɗe ta cikin nata yadin. Ko biki ake yi a Jidda ba ta zuwa. Ko Umara aka ce ta zo a je, sai ta ce ta yi rabonta. Tun ina yaro na san inda likkafanin yake, cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonta, kuma ba mai taɓa shi.

Maganar zuwa ganin ƙanƙara 'ya'yana mata biyu ne suka taso da ita. Ƙawayensu na makaranta sun je ƙasar Jojiya hutun sanyi, sun dawo da hotuna cikin manyan riguna kamar an hura su, shi ke nan gidana ya rasa zaman lafiya. Ina yi musu Hausa suna ba ni amsa da Larabci, amma nacin dai na Hausawa ne. Ni aikina gyaran lif ne, na'urar hawa bene, a otal-otal ɗin da ke kewaye da Harami, kullum ina cikin rami ko saman bene, ban taɓa kai iyalina ko'ina ba sai Yanbu ziyarar kabarin Baba. Da shekara ta zagayo na ɗauki hutu, na ce to, mu je, kwana shida.

Na san amsar Inna, amma na yi mata tayi don kada a ce ban yi ba.

"Ni? In bar Manzon Allah in tafi kallon talji?" ta ce. "Ga shi nan cike da firjinku, ku buɗe ku kalla. Kai dai ɗan nan, ka riƙe min ƙawayena da kyau, kada su karye."

Ƙawayen nata su ne jikokin. Muka shirya za ta koma wurin Yaya, babbar yayata da ke aure a unguwar Uhudu, har mu dawo. Na kai ta ana jibi za mu tashi, da 'yar jakarta da carbinta da magungunanta.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar muka fafe namu. Kayan sanyi cin wuri gare su, riga huɗu sun cika akwati. Matata ta tuna da babban akwatin Inna mai ruwan ƙasa da ke saman dulab, wato kabad ɗin kaya, wanda aka ɗaure wa hannu da jan ƙyallen atamfa tun zamanin hajjinsu don kada ya ɓace a cikin na mutane. Na hau kujera na sauko da shi. Barguna ne a ciki. Na cire na sama, na bar biyu na ƙasa, ina cewa ai inda za mu ba a raina bargo. Muka danna riguna a kai, na hau na zauna aka ja zif. Ban kira Inna na tambaye ta ba, don a ganina akwati ne kawai da barguna.

Garin da muka sauka ƙarami ne, a kafaɗar wani dutse, komai fari fat har ido na ciwo. Yara suka fita daga mota suna ihu. Da la'asar ɗin ranar farko matata na jera kaya a ɗakin otal, sai na ji ta yi shiru. Shirun ne ya sa na waiwaya. Ta ɗaga bargo na ƙarshe, ga wata rigar matashin kai a ƙasa, an ninke wani abu a ciki, ɗakin kuma ya ɗauki ƙamshin kafur.

"Abban yara," ta ce, "zo ka gani."

Ban buƙaci buɗewa ba, amma na buɗe. Yadin ya ɗan yi ruwan madara saboda daɗewa. An yanka shi yadda ake yi wa mata, riga da zane da mayafi da manyan ƙyallayen naɗewa, ga 'yar kwalbar turare a tsakiya. Daga baya ne na ji cewa ruwan na'urar sanyaya ɗaki ya taɓa zubowa ya sa akwatin ƙarfen tsatsa, Inna ta canza masa wuri, Yaya kaɗai ta sani.

"Mu gaya mata?" matata ta tambaya.

Na yi tunani, ba dogo ba. In na faɗa, Inna ba za ta ƙara runtsawa ba sai ta gan shi da idonta. In na ce mu juya gida, ga yara can waje suna jifan juna da ƙanƙara, ko awa uku ba mu yi da zuwa ba. Lafiyarta kuwa ƙalau muka bar ta, har tana tsokanar mutane.

"Kada ki faɗa wa kowa," na ce. "Kwana shida ne."

Na mayar da shi yadda yake, na rufe akwatin, na jingine shi a bango kusa da taga.

Kowace safiya nakan kira wayar Yaya ta bidiyo, ta miƙa wa Inna. Ina zagayawa da wayar cikin ɗaki, in nuna mata yara sun yi shiri, in kai ta taga ta ga dutsen. Takan kawo fuskarta dab da gilashin har sai goshinta kawai nake gani.

"Wannan ai gari aka zubar," ta ce ranar farko. "Mashallah. Kuna cin abinci dai? Akwai halal?"

Na ce akwai. Ta ce in sa hula.

Wasan zamiyar ƙanƙarar shi kansa ban ji daɗinsa ba, ban kuma ƙi shi ba. Ana ba ka wasu takalma masu nauyi da suke riƙe ƙafa kamar an sa maka mari, a maƙala maka dogayen katakai biyu, a ba ka sanduna, sannan wani saurayi mai jan hanci ya yi ta nuna maka yadda za ka haɗa kan katakan don ka tsaya. Yara suka iya cikin yini ɗaya. Matata ta faɗi sau biyu ta ce ita ta tuba, ta koma wurin masu shayi. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina kujerun da ke ɗaukar mutane zuwa saman dutse ne, a rataye jikin igiyar ƙarfe. Mai hali ba ya fasa halinsa. Sai in tsaya ina kallon babbar tayar da ke juya igiyar, ina sauraron ƙararta, ina cewa a raina wannan tana son giris. Da na dawo ɗaki kuma idona ya fara sauka a kan akwatin, sai in kawar da kai.

Rana ta biyar na kira da safe ba a ɗauka ba. Na ce wataƙila sun koma barci bayan asuba. Muka fita. Wajen ƙarfe goma ina kan kujerar nan ni kaɗai, ƙafafuna na lilo a sama da bishiyoyi, sai wayar ta yi motsi a aljihun ciki. Sai da na cire safar hannu da haƙori kafin na ciro ta.

Yaya ce. Muryarta ta dushe.

"Ka yi haƙuri, ƙanena. Inna ta cika. Bayan sallar asuba ta ce ƙirjinta, muka kai ta mustashfa, ko likita bai gama dubawa ba. Khalas."

Na ce innalillahi, na ji bakina ya faɗa daidai har ƙarshe. Na jira wani abu ya taso min a ƙirji, bai taso ba. Kujerar ta ci gaba da hawa, don ba ta tsayawa saboda kowa. A ƙasa wani mai koriyar riga ya wuce a guje.

"Yaya," na ce, "likkafanin yana wurina."

"Na sani."

Ban tambaye ta yadda aka yi ta sani ba. Ta ce mijinta yana bin takardu, in komai ya kammala za a sallace ta a Harami bayan la'asar, sai dai in ina so a jira ni. Ni da ita duk mun san abin da Inna ta sha faɗa, cewa kada a kuskura a ajiye ta a firji kamar kifi. Jirgi kuma sai gobe, ga hanyar sauka daga dutsen ta awoyi ce.

"Ku kai ta," na ce.

Da na isa sama na sauka kamar kowa. Ba yadda za a yi mutum ya dawo ƙasa sai ta kan katakan, don haka na haɗa kansu yadda aka koya mini, na gangaro a hankali, ban faɗi ko sau ɗaya ba. Ranar ce kaɗai na yi shi daidai. Na je na mayar da takalman haya, mai shagon ya tambaye ni da hannu ko sun matse ni, na ce a'a. Matata ta yi kuka, yara suka yi kuka har ƙaramar ta yi amai. Ni na ci abincin rana, na cinye. Lokacin da na ƙiyasta ana la'asar a Madina na shimfiɗa darduma na yi tawa sallar, akwatin na gefena. Kunya na ji, ita ma daga nesa-nesa, kamar ta wani ce aka ba ni ajiya.

Mun iso kwana ɗaya bayan an rufe ta, cikin yadin da masu wankan gawa ke bayarwa ga kowa. Mijin Yaya ya kai ni Baƙi'a bayan asuba. Wanda bai taɓa shiga ba, wurin fili ne na ƙasa da ƙananan duwatsu, ba suna, ba rubutu, sai tantabaru. Ya tsaya ya duba gabas, ya duba yamma, ya nuna wani yanki da hannu.

"Nan ne, wajen nan. Ko layin can na gaba. Wallahi ranar mutum tara aka kawo tare, ya akhi, ka yi mata addu'a daga nan, za ta isa."

Na yi. Idona a bushe, ƙafata na min ciwo inda takalmin haya ya goge ni.

Kwana uku muna karɓar gaisuwa a Uhudu. Tsofaffin unguwarmu, 'yan Nijar da 'yan Chadi da 'yan Sudan da suka san ta tun tana sayar da ƙosai a Ƙurban, kowa ya zo sai ya ce ta dace, ta samu abin da take nema. Ina cewa amin. Ba wanda ya yi maganar yadin, ban sani ba ko ba su sani ba ne ko kara suka yi mini.

Ranar da aka watse na kawo akwatin gidan Yaya, don ban san inda zan kai shi ba. Tana zaune a tsakar ɗaki tana ware kofunan aro. Ta kalli jan ƙyallen da ke hannunsa ta ci gaba da aikinta.

"Yaushe kika sani?" na tambaye ta. "Kin je gida nema ne?"

"Ban je ko'ina ba. Ita ta gani. Ranar da ka fara kiran nan kana yawo da jawwal cikin ɗaki kana nuna mata talji. Kana kashewa ta ce min, ke, ba shantata ba ce can a jikin bango, akwatin nan mai jan ƙyalle?"

Na kalli akwatin.

"Ta yi dariya har da tari. Ta ce oh ni, likkafanina ya riga ni ganin duniya. Na ce bari in kira ka yanzu-yanzu ka san yadda za ka yi. Ta riƙe min hannu." Yaya ta ajiye kofin da ke hannunta. "Ta ce kada ki tayar masa da hankali, bai taɓa kai yaran nan ko'ina ba. Ta ce kwana shida ne."

Sau uku na kira bayan wannan safiyar. Sau biyu ta ɗauka, ta kawo goshinta jikin gilashi, ta tambaye ni abinci, ta ce in sa hula.

Yaya ta zuba min shayi na sha. Da zan tafi ta ce in bar akwatin, akwai mata masu wanka da za su san wadda za a ba. Na ce to. Sai kuma na ga na ɗauke shi na sa a mota. Yana saman dulab har yau, inda na same shi, da barguna biyu a kai.