Na Raka Baba Mafara Ganin Likitan Ƙirji

Muna idar da sallar asuba muka nufi tasha, ni da Baba da ƙanensa da muke kira Kawu, amma motar ba ta bar Maradun ba sai da gari ya waye sosai, kamar yadda ake yi a hanyar nan yanzu. Baba mahauci ne, a bakin tukuba ya tsufa yana gashin nama. Tari ya daɗe yana cinsa, har ta kai daga ɗaki zuwa zaure sai ya zauna ya huta. Likitarsa da ke Talata Mafara za ta duba ko maganin da ta ɗora shi a kai ya karɓe shi. In bai karɓe shi ba, sai Sakkwato, a ba shi gado.

Kaka ce, an yanke gero, dawa ta sunkuya da nauyi. Kuɗin mota ya sake tashi, wata tsohuwa ta yi ta yi wa direba mita, shi kuwa ya ɗora laifin kan fetur. Baba na gaba. Duk garken da muka wuce sai ya faɗa mana wace saniya ce ta yi kitse.

Likitar 'yar Kudu ce, amma ta daɗe a Talata Mafara har bakinta ya koma na Zamfarawa. Ta gaida Baba gaisuwa mai tsawo, ta saurari ƙirjinsa, ta sa ya hura iska cikin wani bututu. Sannan ta yi mana bayanin cewa ko huhun mai lafiya ba ya rasa ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, iri-iri, suna zaune lafiya. In hayaƙi ya ɓata huhu, sai iri ɗaya mai cutarwa ya yi yawa ya danne saura.

Baba ya ce, “Ashe baƙi nika ɗauke da su a ƙirji ban sani ba?”

Ta yi dariya ta ce, “Ba duka na baƙi ba, Baba. Wasu 'yan gida na.”

Ta ce kafson da yake saye a kyamis duk sanda tari ya taso shi ya kashe marasa laifi ya bar mai taurin kai. Gwajin kakinsa da aka yi a zuwansa na baya ne ya nuna ko wane ne, aka ba shi maganin da ya dace. Yanzu ya ragu ƙwarai, ba sai mun je Sakkwato ba. Ɓarnar hayaƙi ba za ta goge duka ba, don haka ya riƙe maganin shaƙa, ya yawaita asuwaki tunda ƙwayoyin baki na gangarawa huhu, ya kuma nisanci tukuba. Kawu ya yi ta hamdala har muka fito.

A bakin kasuwa muka sha fura da nono mai kauri. Baba ya hango wani mai tsire daga nesa, ya ce wutarsa ta yi yawa, za ta ƙone masa nama.

Daga nan muka wuce Bakura wajen gwaggona, yayar Baba, wadda rashin lafiya ta daɗe da hana shi ziyarta. Shinkafa ta nuna a fadama, ana ta shanyarta a gefen titi. Daga inda mota ta sauke mu har ƙofar gidanta Baba bai tsaya ba, ina biye da shi ina jiran ya nemi wurin zama. Gwaggo ta riƙe hannunsa tana hawaye tana dariya. Ta kawo tuwon shinkafa da kifi, suka yi ta tuno mutanen da, tari bai yanke masa magana ba.

Kafin la'asar mun shigo Maradun. Tafiyar nan ta koya mini cewa tarin da ya daɗe gwaji yake so, ba kafso da ka ba. Maƙwabta suka cika zaure, Baba ya sanar da su zai koma cin kasuwar shanu. Ya dubi Kawu ya ce, “Wuta dai na bar maka. Saniya kuwa, ni ka zaɓe.”