Waƙar Godiyar Baba Bitrus

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau!

Kun san don aiki ya yi sauri a sutudiyo, tsohon aiki nake buɗewa a kwamfuta. Ganga da fiyano suna nan a jere, sai in kashe tsofaffin muryoyin in ɗora sabuwa.

Ɗazu Rifkatu ta kawo babanta, Baba Bitrus, tsohon malaminmu na firamare. An sallamo shi daga asibiti, ta rera masa waƙar godiya. Nan da nan na haɗa, na kunna musu.

Ana cikin amshi sai ga muryoyin mata a hankali: "Huta lafiya, Baba, sai mun zo."

Innalillahi! Ashe waƙar jana'izar da mawaƙan cocinsu suka yi wa wani dattijo kwanaki na buɗe, kuma ban kashe layi ɗaya na muryoyinsu ba!

Rifkatu ta daka min tsawa: "Goge shi yanzu!"

Na kai hannu ke nan Baba ya riƙe ni. Tafinsa sanyi ƙalau.

Ya ce, "Bar shi, ɗana. Ka rage musu aiki ne."