Daƙiƙa Tara a Layin Lemo

Da hantsin ranar Talata, huɗu ga watan Maris na 2025, aka bugo mini waya daga asibiti cewa Edeltraud Noack ta cika. Saura wata biyu ta kai shekara tamanin da huɗu. A nan Wendelau ba mai kiranta da wannan dogon suna sai takardun hukuma. Traudel muka sani, Traudel mai majigi. Na ajiye wayar na zauna a kicin, kofi ya huce a gabana, na rasa wanda zan fara faɗa wa. Shekara sittin, duk labarin da ya same ni, mai daɗi ko marar daɗi, ita nake fara kai wa.

Traudel, ni ce Renate, mai sayar miki da tikiti. Kin sha cewa ba kya son a yi miki dogon jawabi idan kin mutu, wai masu jawabi sun ishe ki tun kina da rai. To, yau ba ki da bakin hana ni.

A 1964 aka haɗa mu aiki. Ke ce ke tuƙa motar majigin gunduma, ni ina gefe da akwatin tikiti a kan cinya, mu bi ƙauyuka goma sha ɗaya muna nuna fim a zauren gonakin haɗin gwiwa. Takarda ta ce a fara ƙarfe shida. Amma ƙarfe shida matan da ke tatsar shanu ba su tashi ba, kuma ke ba ki taɓa yarda ki fara ba su zo ba. Sai ki buɗe cikin injin, ki ɓata fuska, ki ce wa shugaban gona, "Ya ƙi fa. Ka san kayan yanzu." Ki yi ta kwance abin da lafiyarsa ƙalau, har sai an ji takun manyan takalman roba a bakin ƙofa, matan sun shigo da warin garke a jikinsu sun zauna a baya. Nan take injin zai warke. Kowa ya san abin da kike yi, har shi shugaban, kuma shekara ashirin da biyar ba wanda ya kai ƙararki.

Ke 'yar jam'iyya ce, kin yarda da mulkin gurguzu har cikin ranki. Ni 'yar coci ce. A 1971 da na kai ɗana aka yi masa baftisma, ofis ya ce wadda ke zuwa coci ba ta dace da aikin wayar da kan jama'a ba. Kika shiga wurin manaja ba sallama, kika ajiye masa makullin mota a kan tebur, kika ce, "In Renate ta tafi, ka nemo mai kai maka fim ƙauye cikin dusar ƙanƙara." Aka bar ni. A hanyarmu ta komawa kuwa kika cika mini kunne da faɗa, wai mace da hankalinta ta kai jariri a yayyafa masa ruwan sanyi a watan Janairu. Ban taɓa gode miki yadda ya kamata ba, don duk lokacin da na ɗauko zancen sai ki ce in ƙirga canjina in ƙyale ki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, abin da kika yi mini, kin kasa yi wa 'yarki ta cikinki. Anke ta so karatun likita, kuma kanta na ja. Aka hana ta gurbi saboda ta yi gardama da malami a aji, aka rubuta a takardarta cewa ba ta da biyayya. Ta zo miki da kuka, kika ce ta yi haƙuri, jam'iyya ba ta kuskure da gangan, ta shiga masaƙa shekara biyu za a sake duba ta. Ba a sake duba ta ba. A bazarar 1989 ta ce za ta hutu Hungary, daga can ta tsallaka Yamma, ɗaya ɓarin ƙasarmu da aka hana mu shiga. Wata uku bayan nan katangar da ta raba Gabas da Yamma ta faɗi, amma tsakaninku ba abin da ya faɗi.

Ina wurin ranar da abin ya ƙarasa lalacewa. An rufe masaƙa, an sayar da motar majigi, rabin gari ya kwashe ya tafi neman aiki. Anke ta zo daga Hamburg ta kawo miki kofi mai tsada. Kina kallon titi ta taga kika ce, "Da can dai mutum ya san maƙwabcinsa." Ta ajiye cokali ta ce, "Mutti, duk sanda kika ce kina kewar da, kewar mutanen da suka rufe mini ƙofa kike yi." Kika ci gaba da kallon titi. Ke da kika iya faɗa da manaja, kika bar ta ta tafi a haka. Daga ranar sai kati lokacin Kirsimeti da kati ranar haihuwa, layi biyu biyu.

Na san ba gwamnati kike kewa ba, ko da yake ba za ki taɓa yarda ki faɗa a gabana ba. Kin ce mini sau ɗaya, "Renate, ni ban iya bayani ba. Aikina in nuna wa mutum hoto ya gani da idonsa." Abin da kike so a duniya guda ɗaya ne: Anke ta gane abin da kike kewa, ta san ba azabarta kike yi wa kuka ba.

Shi ya sa da masu shirya fim suka zo garinmu a 2003, kika tashi kamar an mayar miki da shekara ashirin. Lokacin ana yayin finafinan rayuwar Gabas, kowa na son ganin tsofaffin motocinmu da labulayenmu. Suka zaɓi Wendelau don ba wanda ya sami kuɗin gyara ta, tana nan yadda aka bar ta. Suka sake fentin tsohon kantin kayan lambu na bakin kasuwa, suka jera akwatunan lemon zaƙi, suka ɗauki mutum ashirin daga cikinmu mu tsaya layi. Kika je kika rubuta sunanki da nawa ba tare da kin tambaye ni ba.

Mu ashirin aka tsayar. Kafin su gama saita fitilunsu mun kai sittin. Tsofaffin da suka fito sayen burodi suka hango layi a ƙofar kantin, ƙafafunsu suka kawo su da kansu. Ka'idarmu ce tun da: ka fara shiga layi, sannan ka tambayi me aka kawo. Kowanne ya zaro jakar lailon daga aljihu, wadda ba ma fita ba tare da ita ba ko da za a dace. Masu fim suka zaci cikinmu suke. Tsoho Kubitz, wanda ya yi aikin mahauta, ya bi layi tiryan-tiryan har gaban mai awo, ya ɗauki lemo ya ji roba ce.

"Wannan wane irin iskanci ne?" in ji shi. "Rabin awa ina tsaye! A da ko babu kaya ai ana faɗa wa mutum babu!"

"Herr Kubitz, fim ake yi," kika ce masa.

"Na ga fim ake yi, ni makaho ne? To don ana fim sai a hana mutane lemo?"

Daraktan saurayi ne daga Munich, mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce mu sunkuyar da kai, mu yi shiru, mu nuna gajiya. Kika fita daga layi kika tsaya gabansa da jakarki.

"Ɗan nan, wa ya ce maka haka ake tsayawa?"

"Frau Noack, ai wahala ce muke son nunawa."

"Wahalar tana nan, ba wanda ya ce babu. Ƙafa na ciwo, wani lokaci ka kai gaba a ce ya ƙare. Amma shiru? A layi na samo wa Renate tayal na banɗaki, na ba da tayar mota. A layi aka san wanda matarsa ba ta da lafiya. Tsaya ka gani."

Kika dawo, kika taɓa kafaɗar matar da ke gabanki, kika ce, "Ina bayanki." Kika tsallaka titi kika leƙa keken jaririn da aka ajiye a ƙofar kantin magani, kika gyara masa bargo, kika dawo. Layin ya buɗe da kansa, gurbinki na nan. Kubitz ya miƙa miki jakarki da ya riƙe. Daraktan ya ce a ɗauka haka. Sau shida aka ɗauka, kuma a na ƙarshe na ga idonki ya kawo ruwa, kika ce hasken fitilunsu ne.

A makon kika rubuta wa Anke wasiƙa ta gaske, ba kati ba. Kin karanta mini ita: "Idan fim ɗin ya fito, ki je ki gani. Akwai wurin layi. Abin da na kasa faɗa miki yana wurin."

Shekara ta zagayo fim ya fito. Muka shiga jirgin ƙasa zuwa babban gari, don silimar Wendelau ta zama kantin katifa. Kika sa rigarki mai shuɗi. Wurin layi ya zo, ya wuce. Ke da kika saba auna fim da ido kika ce daƙiƙa tara ne. Sun yanke tsallaka titin, sun yanke keken jaririn. Abin da ya rage shi ne ke kina waiwayowa da jaka a hannu, sai Kubitz yana daka tsawa a kan lemo, an sa wani kiɗa na ban dariya a ƙarƙashi. Zauren ya fashe da dariya. Ni ma, Allah ya yafe mini, na ɗan dara, don Kubitz abin dariya ne. Ke ba ki motsa ba. A jirgi muna dawowa kika ce, "Sun ɗauki labulayen daidai."

Amsar wasiƙar ba ta zo ba. Kirsimeti ya zo da katinsa, layi biyu, ba zancen fim. Wani lokaci ki ce gara da ba ta gani ba, kada ta ga an mai da uwarta abin dariya. Wani lokaci kuma, muna shan kofi, sai ki ce, "Ko sun nuna shi a Hamburg kuwa?" Na ce ki ɗauki waya ki tambaye ta. Kika ce ba za ki roƙi 'yarki ta kalle ki ba. Taurin kanki ta gado, ba na wani ba. Shekara ashirin kuna haka, ni ina tsakiya ina jin haushinku ku biyu.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka sa tokar gawarki a ƙasa, bayan an ƙona ta yadda ake yi a nan, kusa da Horst, mijinki. Mutane sun zo fiye da yadda na zata, har da biyu daga cikin matan nan masu tatsar shanu, da sandunansu. Anke ta zo. Kanta ya yi furfura, Traudel, kuma tafiyarta taki ce sak. Bayan an watse daga shan kofi da kek, ta biyo ni waje ta tsaya tana murza safar hannunta. Har yau Tante take ce mini, wato goggo.

"Tante Renate, ta taɓa yi miki maganar fim ɗin nan?"

"Kullum," na ce. Ban sassauta mata ba, don raina a ɓace yake.

"Na gani fa. Ranar da ya fito na je. Na koma washegari. Sau goma sha huɗu na shiga kafin su daina nunawa. Daga baya na sayi faifan, ina tsayar da shi daidai inda ta waiwayo."

"To me ya hana ki faɗa mata, yarinyar nan?"

"Tsoro nake ta tambaye ni ko na gane. Ban gane ba, Tante. Har yau ban gane ba. Ni dai ita nake zuwa gani."

Na riƙe hannunta muka tsaya a bakin titi, mu biyu, har motar da za ta kai ta tasha ta iso. Da na dawo gida na ɗauki waya zan kira ki in faɗa miki, sai da na danna lamba uku na tuna.

Kin tafi kina zaton ba ta kalla ba. Wannan ne ke hana ni sukuni, ya fi mini mutuwar ciwo, don mutuwa kowa na jiran tasa. Ina kewarki, Traudel. Ina kewar motar nan mai warin fetur, da faɗanki, da garin da muka sani cike da mutane, duk da abin da aka yi wa Anke a cikinsa da abin da aka so yi mini.

Kin ce ba wanda ke sauraron addu'a. Ni dai zan yi, ki yi fushi in kin ga dama. Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya dubi matan da kika jira da aikin da kika riƙe mini, ya sa ki huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙaninki Dieter da iyalinsa, da sauran mutanen Wendelau da suka rage. Ke kuma Anke, Allah ya ba ki haƙuri da dangana, ya sauƙaƙa miki abin da kika ɗauka shekara ashirin ke kaɗai. In kuma akwai hanyar da labari ke isa inda kike, Traudel, ina roƙon Allah ya isar miki da wannan: ta je, sau goma sha huɗu.